Harshen Baƙunci: Darasi Daga Daniyel da Mutanen Mayo

Karatu: Daniyel 1:1-21

Wataƙila aiki, ko karatu, ko aure, ko gudun hijira ya kai ka inda ba a jin harshenka. Kana shiga kasuwa ka zama kamar bebe. A sujada ana waƙa, kai kuwa sai kallo. Har ka fara cewa a ranka, “Ni kam na tsufa, kaina ba ya ɗauka.” Dakata tukuna, mu dubi Maganar Allah.

Daniyel bai je Babila don son ransa ba. Sarki Nebukadnezzar ne ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kwashe samari, har da Daniyel da Hananiya da Mishayel da Azariya. Aka ba da umarni a koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa har shekara uku. Ka lura, harshen waɗanda suka ci ƙasarsa ne. Da Daniyel ya riƙe ɗacin rai, da kunnensa ya toshe, gama zuciyar da ta ƙi mutane ba ta iya ɗaukar maganarsu. Amma ya zauna ya koya. Abincin sarki ne ya ƙi, domin kada ya ƙazantar da kansa. Karatun kuwa ya rungume shi. Da shekarun suka cika, sarki ya gwada su, ya tarar sun fi masu hikimar ƙasar nesa ba kusa ba.

Irin wannan jimiri ba a zamanin dā kaɗai yake ba. A kudancin Khartum, babban birnin Sudan, akwai wata unguwa da ake kira Mayo, inda Hausawa da yawa suka zauna. Kakanninsu, galibi Musulmi ne masu niyyar aikin haji, sun tashi a ƙasa daga Kano da Sakkwato da Katsina, suka ratsa Barno da Chadi da Darfur. Waɗansu sun bi ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu kuma guzuri ya ƙare musu, suka tsaya aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Tafiyar shekara guda ta zama zaman zuriya.

Ko malamin da ya karanta Larabcin littafi a gida, da ya iso sai ya tarar Larabcin kasuwa dabam ne. A Sudan ruwa “moya” ne, mutum kuma “zol”. Dole babba ya sāke zama yaro, ya yi tambaya, ya yi kuskure, a yi masa dariya, gobe ya sāke fitowa. Haka kuma mutanen kudancin Sudan da na duwatsun Nuba, Kirista da yawa a cikinsu, waɗanda yaƙin 1983 zuwa 2005 ya koro zuwa Mayo. Sun zo da Dinkanci da Nuwanci da sauran harsunansu, suka koyi Larabcin Khartum a wurin dako, da gini, da sayar da shayi. Yawancinsu ba su shiga aji domin wannan ba. Bukata ce ta tura su, naciya kuwa ta kai su.

Ga abu uku da za ka riƙe.

Na fari, ka yarda Allah yana tare da kai a inda kake. Wanda yake ganin zamansa hukunci ne kawai, ba zai buɗe baki ba. Wanda ya ce, “Ubangiji yana da nufi a nan,” shi ne zai gai da maƙwabcinsa da harshen maƙwabcin.

Na biyu, ka ajiye girman kai. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kunyar kuskure ta hana mutane da yawa abin da rashin ƙwaƙwalwa bai hana su ba.

Na uku, ka yi kaɗan kaɗan kowace rana. Kalma biyar a yini, in ka yi amfani da su, sun wuce dubu ɗaya da ɗari takwas a shekara. Daniyel ma, da dukan baiwar da Allah ya ba shi, sai da ya cika shekara uku.

Kada kuma ka ji tsoro cewa sabon harshe zai raba ka da asalinka ko bangaskiyarka. An canza wa Daniyel suna, amma ba a canza masa Allah ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ma ta wannan hanya ya iso hannunka: Dokta Walter Miller, Baturen Ingila, ya fara koyon Hausa a Tarabulus, ya zauna a Zariya, ya yi ta fama tare da Hausawa har aka buga littafin dukansa a 1932. Wa ya san wanda zai ji bishara ta bakinka in ka jure?

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya taɓa Mayo ƙwarai, ya kuma warwatsa miliyoyin mutanen Sudan, waɗansu har Masar, da Chadi, da Uganda, inda da yawa suka sāke zama baƙi. Ka tuna da su yau, Kirista da Musulmi duka.

Addu’a: Ya Uba na sama, kai da ka ba Daniyel fahimi a ƙasar baƙunci, ka kawar mini da ɗacin rai da girman kai. Ka ba ni haƙurin koyo kowace rana. Ka ta’azantar da mutanen Sudan, ka ba su salama. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.