Hukuncin Aibin da Ke Bayan Mutum

Daga cikin mas'alolin da ma'abota ilimi suka daɗe suna tattaunawa akwai wannan: shin ana kama mutum da laifin aibin da yake ɗauke da shi alhali bai sani ba? Wanda ke son ganin wannan mas'ala a zahiri, to, ya dubi fitilar birki, wadda Allah ya hukunta cewa direba, ko da ya shekara arba'in yana tuƙi, ba zai taɓa ganin haskenta daga mazauninsa ba, domin ba don shi aka yi ta ba, sai don bawan Allah da ke biye da shi, wanda bai san sunansa ba.

Tun daga shekarar 1962, lokacin da Nick Holonyak ya ƙera jar fitilar nan da ake kira LED a Amurka, masu ƙira suka yi ta kyautata ta har ta soma maye gurbin tsohon ƙwai a bayan motoci. Fifikonta shi ne, shi tsohon ƙwai sai zarensa ya yi zafi kafin ya ba da haske, ita kuwa nan take take kamawa, bambancin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin fiye da mita 5 a wannan ɗan lokaci, wanda sau da yawa shi ne tsakanin isa gida lafiya da zaman makoki.

Fuƙaha'u ba su bar irin wannan babi ba, gama a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, an ɗora wa mahayi da mai jan dabba da mai korarta lamunin abin da ta taka. Idan haka ne hukuncin dabba mai rai da son zuciyarta, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai da izinin mai shi? Jahilci yana zama uzuri ne inda hanyar sani ta toshe. Amma inda sanin bai wuce mutum ya taka birki ya ce wa ɗansa ko yaron mota, "Tsaya a baya ka duba mini," ba, to, rashin sani ya koma sakaci, sakaci kuwa ba a fake masa da ƙaddara.

Sa'an nan idan aibi ya bayyana, sai a bi shi da tartibi irin na alƙali adali, wanda ba ya yanke hukunci kafin ya ji shaidu. Gwanin wayarin ba ya fara da tuhumar fitila. Idan dukkan fitilun birki suka mutu tare, sai ya duba fis, ya kuma sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya gwada makunnin da ke jikin feda. Idan gefe ɗaya ne, sai ya sa mita a soket ya ga ko wutar batir, kimanin bolt 12, tana isowa. Idan kuwa an taka birki sai sigina ta yi haske dishi-dishi, ya san wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota ce tsatsa ta ci, sai ya kankare wurin ya ɗaure. Ya san kuma fitilar LED ta fuska ɗaya kaɗai wuta ke ratsa ta, har a kan jefar da lafiyayyen ƙwai alhali juya shi kawai ake bukata. Kuma saboda ƙarancin wutar da take sha, idan an sa ta a sigina, wata motar takan ɗauka ƙwai ya ƙone, sigina ta riƙa ƙiftawa da sauri.

Saboda haka wajibi ne ga mai hankali ya riƙi binciken abin da ke bayansa a matsayin amana, ya kuma karɓi nasihar wanda ya tsayar da shi a hanya ya ce masa wutarsa ta mutu da godiya, ba da fushi ba. Tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan riƙo da sababi, kuma ran wanda ke biye da kai haƙƙi ne da za a tambaye ka a kansa ranar hisabi. Allah ya sa mu fita haƙƙin bayinsa, amin.