Baƙar Fata da Baƙin Ciki

Bahaushe ya ɗora wa kalmar "baƙi" kaya mai nauyi. Idan zuciya ta ɓaci, baƙin ciki ne. Wanda ba a so, mai baƙin jini ne. Mugun furuci kuwa baƙar magana. Amma a Kura, garin marina, baƙin turkuɗi abin alfahari ne, har Buzaye na ƙetaro hamada neman rawani ɗan Kura saboda tsananin baƙinsa da sheƙinsa. To, ya aka yi launin da ya ƙara wa tufa daraja ya rage ta a jikin ɗiya mace?

Mai karatu, ka dubi ɗalibar da ta fito daga Kura ko Bunkure ta shiga Jami'ar Bayero. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwan Kadawa ya sa yankin nan ba ya hutawa, damina shinkafa, rani alkama da tumatir. Sau da yawa kuɗin rajistar yarinyar daga tukunyar mahaifiyarta yake fitowa, wadda ke turara shinkafa ta shanya a rana, hayaƙi da zafi suna ƙara rina ta. A gida ba wanda ya damu da launin yarinyar, 'yar gidan wane ce kawai. Sai a ɗakin kwanan ɗalibai take jin "fara ko mayya ce", ana dariya, ita ma tana tayawa.

Sai a wayi gari uwar ta rasu. A yi zaman makoki na kwana uku, kowa ya ce mata "sai haƙuri", ta koma aji domin jarrabawa ba ta jira. Gadon da ta samu bai wuce 'yan kwanuka da kamannin uwar ba. Kullum ta duba madubi, fuskar marigayiya take gani, kuma wannan fuskar ce ƙawaye ke cewa a shafa mata mai ta "washe". A nan tambayar take: in ta shafa, laifin wa?

Ba na wanke ta gaba ɗaya, domin ilimi ya kai ta inda za ta san cewa wasu mayukan bilicin na ɗauke da sinadaran da ke lalata fata da ƙoda. Sai dai kaso mafi tsoka namu ne, mu marubuta. Shekara nawa muka yi muna buɗe littattafan soyayya da jaruma fara, doguwa, mai hanci har baka, tamkar Balarabiya, baƙa kuwa sai 'yar aiki ko muguwar kishiya? Toni Morrison ta Amurka, wadda ta ci kyautar Nobel a 1993, ta fara ne a 1970 da labarin baƙar yarinya mai addu'ar samun shuɗayen idanu. Tarihinsu daban da namu, amma ciwon ya yi kama.

Haƙurin ma mun rage masa ma'ana, mun mayar da shi "yi shiru". Alhali Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ɗalibar nan tana da abin faɗa game da uwarta, da hayaƙin tukunya, da madubin nan, kuma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa ba ta ko babi guda.