Ilmin da Aka Ba Mutum Kyauta, Na Wane Ne?

Yau tambaya na kawo miki, 'yar uwa. Idan wata ƙasa ko ƙungiya ta ɗauki maigidanki ko ɗanki ta horar da shi, bai biya ko kwabo ba, shin wa yake bin sa bashi?

Mu duba yankinmu na Kura da Bunkure. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ƙwararru daga ƙasar Holan sun sa hannu wajen tsara aikin noman ranin da muke cin moriyarsa. Baƙin sun koma gida tuntuni. Amma hanyar ruwa ba ta yashe kanta, kuma ƙwarin tumatir da suka cinye gonaki a 2016 ba su jira baƙo ya dawo ba. Dole sai da ɗan gida wanda ya san aikin.

Wannan ne ya sa taimakon da ya fi daɗewa tsakanin ƙasashe shi ne horar da mutane. Ƙungiyar Sasakawa, wadda wani attajirin Japan ya assasa, ta shigo Nijeriya a 1992, ta riƙa horar da malaman gona ta hanyar gonakin gwaji. Daga baya ta taimaka wa wasunsu suka yi digiri a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero. Mu ma muna bayarwa, domin tun 1987 Nijeriya take tura likitoci da malamai wasu ƙasashen Afirka da Karebiyan.

To, mu koma kan bashin. Wanda ya biya kuɗin karatun ba don yana son ɗanki ya biya ba, bai ma san shi ba. Da sunan manomin da ke ƙarshen magudana aka nemo gurbin, wanda ruwa ba ya isa gonarsa sai kowa ya ƙoshi. Saboda haka shi ne mai bin bashin. Ilmin amana ce aka ba ɗanki ya kai, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na san za ki ce, "Malama, shi ma fa yana da iyali, ga albashin malamin gona bai taka kara ya karya ba." Gaskiyarki, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi halal inda ta fi yawa. Hukumar da ta karɓi ƙwararre ta bar shi ba babur ba kayan aiki, ita ma ta ci amanar. Sai dai laifinta ba ya goge nasa. In ma ya koma birni ko waje, sai ya horar da magaji kafin ya tafi, ko ya riƙa waiwayo da abin da ya sani.

Nan ne naki hannun yake. Sau da yawa shawarar "ka nemi canji zuwa ofis" a ɗaki ake yanke ta. Kafin ki ba da ita, ki tambaye shi: wa ka koya wa?

Sannan ki tuna, turara shinkafar Kura yawanci a hannun mata take, a cikin gidajen da malamin gona namiji ba ya shiga. In ba a horar da 'ya'yanmu mata ba, ilmin nan a zaure zai tsaya. Don haka in gurbin karatu ya fito wa 'yarki, ki taya ta roƙon mahaifinta, ki kuma shaida mata tun farko cewa saƙo ne za ta karɓo wa maƙwabtanta.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.