Idan Abokin Kwas Ya Bugo Waya

Ɗan sandan da aka tura kwas ƙasar waje yakan dawo da takardar shaida da kuma lambobin waya, kuma lambobin sun fi takardar aiki. Idan aka yi fashin mota a Katsina aka tsallaka da ita ta Jibiya zuwa Maraɗi, jami'in da ke da abokin kwas a can zai iya sa a tare ta tun kafin wasiƙar hukuma ta bar ofis. Irin wannan sanayya ake nema a makarantu kamar wadda Amurka ta buɗe a Budapest a 1995, inda jami'an ƙasashe daban-daban ke zama aji ɗaya. Ita ce kuma ke raya Interpol, wadda aka kafa a Biyana a 1923, yanzu tana da ƙasashe 196.

Shin addini ya yarda a haɗa hannu da baƙo don kama mai laifi? Amsar ba ta da wuya. Annabi (SAW) yana matashi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda manyan Makka suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, bayan As ɗan Wa'il ya hana wani falke daga Yaman kuɗin kayansa. Waɗanda suka ƙulla alkawarin ba Musulmi ba ne, amma Annabi ya ci gaba da yaba shi bayan zuwan wahayi.

Wahalar tana wani wurin. Aya ta biyu a Suratul Ma'ida da ta yi umarni da taimakekeniya a kan alheri, ita ce dai ta hana ta a kan zalunci, kuma mai bugo waya ba ya faɗin wanne ya zo da shi.

Tarihin hijirar Habasha ya nuna wannan ƙarara. Ƙuraishawa sun aiki Amru ɗan As da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a su dawo da Musulmin da suka gudu. Ba su fara da sarki ba. Sai da suka bi fadawansa ɗaya bayan ɗaya da tsaraba, suna roƙon su ba da shawara a miƙa mutanen ba tare da an ji ta bakinsu ba. Fadawa suka amince. Sarki Najjashi ne ya ƙi, ya ce sai an kirawo su. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, 'yan aike suka koma hannu rabbana.

Abin bai zama tarihi ba. A Nuwamban 2018 aka kama ɗan ƙwallon Bahrain Hakeem al-Araibi a filin jirgin saman Bangkok bisa jar sanarwar Interpol, alhali Ostareliya ta riga ta ba shi mafaka, kuma ƙa'idar hukumar ta hana fitar da irin wannan sanarwa a kan ɗan gudun hijira don ƙasar da ya guje wa. Ya je yawon amarci ne da matarsa. Ya shafe fiye da wata biyu a tsare kafin a sake shi a Fabrairun 2019.

Sashe na 3 na kundin Interpol ya haramta mata tsoma baki cikin lamarin siyasa, soja, addini ko launin fata. Amma wannan sashe ba ya zaune a cikin wayar da aboki ya bugo da tsakar dare yana cewa, "Oga, taimaka mini da wannan mutumin." A nan babu alƙali, babu lauya, sai kunyar abokin da aka ci abinci tare da shi wata uku. Saboda haka kwas ɗin da ke koya wa jami'i ɗaukar hoton yatsa da bin sawun kuɗi ta intanet ya zama wajibi ya koya masa yadda zai ce wa abokin nan ya turo takardar kotu, kuma wanda ake zargi zai gurfana gaban alƙali kafin a kai shi bakin iyaka.