LASISIN ƊALIBI A KAN SABUWAR KWAMFUTA: TUNDA TA KARƁA, YA HALATTA KE NAN?

 

'Yan'uwa, maganar yau ta shafi matasanmu masu harkar kwamfuta, musamman ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru, da 'ya'yanmu da ke karatu a Aliero, Birnin Kebbi da Sakkwato. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, na'urar nan ta shiga sahun littafi da biro. Saboda tsada, wasu yaran sukan yi odar kayanta ɗaya bayan ɗaya daga Kano ko Computer Village ta Ikeja, su haɗa abinsu da hannunsu. Wannan abin yabo ne, Allah ya ƙara basira.

To, bayan an haɗa ƙarfe sai a zo kan Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da komai. Windows kuwa tana neman lambar lasisi. Sai ka ga ɗalibi yana riƙe da lambar da aka tanada wa ɗalibai, ya saka, ta ƙi. Abokai su nuna masa wata dabara, ya sake gwadawa, allon ya nuna an kunna. Daga nan tambaya take tasowa: "Malam, tunda kamfanin da kansa ya karɓa, ai shi ke nan ko?"

Malamai sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi. Saboda haka mu fara da sanin abin da ake saya.

Wanda ya biya kuɗin Windows izinin amfani ya saya, bisa sharuɗɗa. Izinin nan kala-kala ne. Akwai wanda yake zuwa manne da kwamfutar kamfani irin su HP ko Dell. Wannan na waccan na'urar ne ita kaɗai, ba ya tashi ya koma wata. Akwai cikakken lasisi da mutum ke saya daban. Shi wannan kana iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ka mayar sabuwa, matuƙar na'ura ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. Na uku shi ne wanda zan kira lasisin ɗori. Kamar mai gini ne ya ce zai ɗora maka bene da rangwame, da sharaɗin kana da gidan ƙasa naka na halak. Ana sayar da shi da araha ne saboda an ɗauka ka riga ka biya kuɗin Windows ta baya. Lasisin da Microsoft ke ba makarantu da ma'aikatu a dunƙule irin wannan ne, yana buƙatar tushe a ƙarƙashinsa. Kwamfutar da ka haɗa jiya kuwa fili ce fetal, babu ko tubali ɗaya a kai.

Matsalar ta daɗe. Lokacin da Windows 7 ta fito a watan Oktoban 2009, an sayar wa ɗaliban Amurka lasisin ɗori a kan dala 29.99, da sharaɗin mutum yana da XP ko Vista ta halak. Nan da nan aka gano cewa idan ka saka manhajar sau biyu a jere, sakawa ta biyu za ta ɗauki ta farko a matsayin tsohuwar Windows, lambar ta wuce. Kamfanin ya fito ya ce yiwuwar dabarar ba ta canza sharaɗin ba. Yau dabarun sun sauya salo, amma tambayar tana nan yadda take.

Ga asalin da nake so mu riƙe. A hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa masu kawo ƙara cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani yana iya fin abokin shari'arsa iya tsara hujja. Wanda duk aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yankin wuta aka yanko masa. Subhanallah! Hukuncin da ya fito daga bakin Annabi ke nan, bai mayar da haƙƙin wani halal ga wanda ya san ba nasa ba ne. To ina ga wata na'ura a ƙasar waje, wadda aikinta kawai ta duba lamba ta ce ta yi daidai? Na'urar ba ta san ko kai ɗalibi ba ne, ba ta san ko akwai tushe ba. Kai ne ka sani. Idan makullin ɗakinka ya buɗe shagon maƙwabcinka, buɗewar ba ta mallaka maka kayan ciki ba.

Sai kuma sharaɗi. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alkawuran da suka ƙulla. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke ɗaure Musulmi da sharuɗɗan da suka ɗauka, in dai sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Akwatin nan da muke dannawa da sauri don mu wuce, wanda ke cewa mun amince, ƙulla yarjejeniya ne, ko mun karanta ko ba mu karanta ba. Ita kuwa dabarar da ke nuna siffar cika sharaɗi alhali babu haƙiƙarsa, ita ce hilar da Imam Bukhari ya ware wa babi guda a Sahihinsa, Ibnul Ƙayyim kuma ya tsawaita magana a kanta cikin I'ilamul Muwaƙƙi'in. Ku tuna mutanen Asabar a Suratul A'araf, waɗanda aka hana su kamun kifi ran Asabar, suka nemo hanyar zagaye umarnin.

Wani zai ce: "Malam, ai ban rage musu komai ba, kwafi ne kawai." Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan a Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta sa manhajar kwamfuta cikin abubuwan da ake karewa. Mu da muke jin zafi idan aka buga littafin malaminmu a ɓoye aka sayar, bai kamata mu auna na wasu da wani mudu daban ba.

Wani ya ce: "Kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne, kuma kuɗi sun yi musu yawa." Ɗan'uwa, a daren Hijira Annabi (SAW) ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin suna neman ransa. Mu nan Zuru da muke zaune gida ɗaya, kasuwa ɗaya da 'yan'uwanmu Kirista da masu bin al'ada, mun fi kowa sanin cewa amana ba ta tambayar addinin mai ita. Arzikin mutum kuma ba ya halatta haƙƙinsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsada, kuma ba zan raina ta ba. Cikakken lasisin Windows 11 na gida dala 139 ne a shagon kamfanin. Idan ka canza shi zuwa naira, ya ninka mafi ƙarancin albashi na N70,000 fiye da sau biyu. Ɗan manomi daga Dabai ko Fakai da aka sayar da buhunan dawa aka haɗa masa kwamfuta, ina zai samo wannan? Wallahi farashin bai dace da aljihunmu ba, kuma faɗin hakan gaskiya ne. Saboda irin wannan ne wasu malamai suka sassauta ga mabuƙaci da zai yi amfanin kansa, ba ciniki ba, yayin da wasu, irin su kwamitin fatawa na Saudiyya, suka hana sai da izinin masu abin. Ni abin da na fi natsuwa da shi: lalura tana halatta abin da aka hana ne idan babu wata mafita, kuma gwargwadonta. A nan kuwa sau da yawa akwai mafita.

Akwai kuma masu cewa kamfanin ya sani, ya kau da kai. Suna kafa hujja da cewa kyautar komawa Windows 10 ta ƙare a hukumance ranar 29 ga Yulin 2016, amma lambobin Windows 7 da 8 suka ci gaba da aiki har Satumban 2023. Haka ne an yi. Sai dai waɗanda suka bi ta wannan ƙofa da gaskiya suna da tsohon lasisi nasu da suka biya. Shirun mai abu a kan wanda yake da tushe bai zama izini ga wanda bai taɓa mallakar komai ba, balle ga shi sharaɗin a rubuce.

To yanzu mu rarrabe, don kada a haɗa kowa a kwando ɗaya.

Ɗalibin gaske, wanda makarantarsa ta ba shi lamba, kuma yana da cikakken lasisi nasa da ya ciro daga tsohuwar na'ura ya mayar sabuwa: wannan ya yi amfani da abinsa, babu komai a kansa.

Ɗalibin gaske da sabuwar kwamfuta marar tushe: ya je sashen kwamfuta na makarantarsu ya tambayi irin lasisin da aka ba shi, da ko yana ci gaba bayan kammala karatu, domin yarjejeniyoyin sun bambanta. Idan na ɗori ne, sharaɗi ɗaya ya faɗi, sai ya nemi cika shi. Ban kira shi ɓarawo ba, kuma kada kowa ya kira shi haka. Saɓa sharaɗi daban, sata mai haddi daban.

Wanda ba ɗalibi ba, ya ari imel ɗin ƙaninsa na makaranta ya ce shi ne: wannan ya ƙara ƙarya a kan saɓa alkawari.

Mafi muni shi ne mai gyara ko mai shagon buga takardu da ke karɓar rabon ɗalibai yana sayar wa jama'a, ko ya saka wa mutum kirak ya karɓi kuɗin orijinal. Duk damina muna kuka idan muka ga takin rangwame da aka ware wa manoma ya ɓulla a kasuwa da farashin 'yan kasuwa. Wannan ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga ha'inci ga mai saye, domin irin waɗannan manhajojin fashi sukan zo da ƙwayar cutar da ke satar bayanan banki.

Mafita fa? Kafin ka sayi kayan haɗi, ka sa kuɗin lasisi cikin lissafi, kamar yadda mai sayen babur ke lissafa kuɗin takardu. Idan ba hali, kwamfuta ta hannu da ta zo da lasisinta na asali ta fi maka kwanciyar hankali. Akwai kuma Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, waɗanda masu su suka halatta wa kowa ya saka, ya kwafa, ya raba kyauta. Da ita da LibreOffice za ka buga furojet, ka yi lissafi, ka shiga intanet. Wanda kwas ɗinsa ya tilasta masa wata manhaja da ba ta aiki sai a Windows, ya yi amfani da ɗakin kwamfuta na makaranta kafin Allah ya hore. Ina kuma kira ga masu hali da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na ƙasar Zuru: saya wa ɗalibi lasisin halak sadaka ce mai gudana, kamar saya masa littafi.

Wanda ya riga ya yi a cikin rashin sani, kada ya tada hankalinsa; ya gyara daga yau gwargwadon ikonsa. Abin da nake jiye wa matasanmu shi ne sabo. Yaron da ya saba tun yana aji ɗaya cewa duk abin da na'ura ta bari ya wuce halal ne, gobe shi ne akawun da zai ga kuɗi sun shigo asusunsa bisa kuskure ya ce rabo ne, shi ne ma'aikacin da zai ga babu mai duba rajista ya sa hannu a madadin wanda bai zo ba. Da ƙananan abubuwa irin waɗannan, da babu mai ganinka sai Allah, ake horar da zuciya.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya wadata mu da halal, ya tsare mu daga haƙƙin bayinsa. Mai ƙarin bayani daga masana kwamfuta, bismillah, a amfanar da mu.

Wallahu ta'ala a'alam.