Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne: Haƙƙin Jariri Da Amanar Shawara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya tanadar wa jariri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai iya roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da take aukuwa kullum a gidajen Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, amma ba safai ake kai ta gaban malamai ba, domin ana ganin maganar cikin ɗaki ce. Yarinya ce ta yi haihuwar fari a tsakiyar bazara. A asibiti an gargaɗe ta kada ta ba jariri kome sai nono har ya cika wata 6, ko da ruwa ne. Ta koma gida, kakar yaron ta ce ba a gabanta za a hana wa rai ruwa ba, ta ɗauko moɗa. To, wa yarinyar nan za ta bi? In ta ƙi, ta saɓa wa babba; in ta yi shiru, wataƙila ta cuci wanda ba ya iya kai ƙara. Kuma in yaron ya cutu, a wuyan wa alhakin yake?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, nono haƙƙin jariri ne, ba alfarma ake yi masa ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ƙayyade shekara 2 cikakku ga wanda yake son ya cika shayarwa, ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ta hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗa, sa'an nan ta sa yaye kafin lokaci ya zama da yardar su biyu da shawara. A mazhabar Malikiyya shayarwa wajibi ce a kan uwa matuƙar tana ɗakin mijinta, ban da wasu halaye da malaman fiƙihu suka keɓe. Har azumin Ramalana, da girmansa, an yi wa mai goyo rangwame a kansa in ta ji wa ɗanta tsoro, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a cikin Risala. Shari'ar da ta jinkirta farilla saboda cikin jariri ba za ta ɗauki maganar abin da ake zuba masa a baki ƙaramar magana ba.

Amma wanda ya duba ayar da kyau zai ga ba uwa kaɗai ta ɗora wa kayan ba. Ta ambaci uba, ta ambaci magaji in uba ya rasu, ta ambaci wata mace da za a nema ta shayar. Haka kuma tarihi ya nuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Suwaiba, sa'an nan Halimatus Sa'adiyya ta tafi da shi ƙauyen Banu Sa'ad. Ɗansa Ibrahim a wurin Ummu Saif ya sha, matar wani maƙeri a Madina. Ibn Sa'ad kuma ya ruwaito cewa wata rana da dare Sayyidina Umar ya ji jariri yana ta kuka a zangon fatake, ya yi wa uwar faɗa, sai ta gaya masa, ba tare da ta gane shi ba, yaye shi take yi da ƙarfi domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Umar bai ƙara ganin laifinta ba. Ya yi kuka, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Watau in an ga uwa ta tauye ɗanta, to, a nemi wanda ya tura ta kafin a zarge ta.

Yanzu sai a koma ga kaka da moɗarta, kuma a yi mata adalci. Ba ƙeta ce ta sa ta ba, tausayi ne, tausayin ma da ta koya daga addini. Ta ji hadisin wanda aka gafarta masa don ya shayar da kare, ta ji na matar da aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Ga zafin watan Afrilu da ke gasa duwatsun Roni da Kazaure har babba ya kasa zama a ɗaki. Ina za ta yarda a ce ɗan kwana 20 ba ya jin ƙishi?

Amsa ita ce, yana ji, amma Wanda Ya halicce shi bai mance da ƙishinsa ba. Masana sun auna nonon uwa sun tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma wanda yake fara fitowa in yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ne mai kashe ƙishi, mai kauri yana biyo baya ya ƙosar. Cikin jariri ɗan ƙanƙane ne. In an cika shi da ruwa sai ya rage tsotso, nono kuwa gwargwadon tsotso yake kawowa, sai ya ja baya, a wayi gari ana cewa yarinyar ba ta da nono. Ruwan randa ko na rijiya da babba zai sha ya kwana lafiya, shi ne zai sa wa jariri gudawa, gudawa kuwa tana cikin manyan masu kashe yara. Saboda haka a lokacin zafi uwa ce za a ƙara wa ruwa da abinci, yaro kuma a ƙara sa shi a nono. Haka nan dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar ana cewa ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko da jariri yake samu. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa, tun 2001 kuma ta tsayar da nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2 ko fiye, watau adadin da Alƙur'ani ya ambata tun tuni. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla.

To, tun da yake gaskiya ta bayyana, biyayya ga babba ba ta kai ga cutar da ƙarami ba, domin ƙa'idar shari'a ce cewa cuta kawar da ita ake yi. Sai dai sanin hukunci daban, iya zartar da shi daban. Yarinyar da kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunan ɗanta, yaya za ta yi gardama da uwar mijinta ko mahaifiyarta? Miji yana gona ko kasuwa, kuma an saba ce masa wannan ba huruminsa ba ne. Ma'aikaciyar asibiti tana da nisa, ba ta nan a daren da nono ya kumbura, yaro ya ƙi kamawa, gida ya cika da masu ba da magani. Wadda take nan a wannan dare ita ce maƙwabciya, ko facala, ko kishiya. A bakin waɗannan ne lafiyar jaririn take rataye, shi ya sa Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Duniya ma ta gane haka. A 1956 wasu mata 7 a Amurka suka kafa ƙungiyar La Leche domin uwa ta koya wa uwa shayarwa. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da matakai 10 na kyautata shayarwa, na goman shi ne a ƙarfafa irin waɗannan ƙungiyoyi a kuma haɗa mai jego da su in ta bar asibiti. A nan Arewa, shirin WINNN da aka soma a 2011 da taimakon gwamnatin Birtaniya a Jigawa da Katsina da Kebbi da Zamfara da Yobe ya kafa zaman mata a ƙauyuka, inda masu ciki da masu goyo suke haɗuwa su tattauna ciyar da yara. Kada wani ya ce baƙon abu ne. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, watau dattawan mata da take karantarwa, su kuma su koma garuruwansu su karantar da 'yan'uwansu, tsarin da aka sani da 'yan taru. Ta san akwai ƙofar da malami namiji ba zai shiga ba, akwai kuma tambayar da mace ba za ta yi wa kowa ba sai mace.

Sai dai kuma bakin da yake gyarawa shi ne yake ɓatawa. Mace ce ta ce a ba da ruwa, mace ce ta ce a zubar da dakashi, mace ce ta ce nonon wance ba shi da kyau. Ashe ba taruwar mata ce kaɗai abin nema ba, sai taruwar da ta tsare amana. Hadisin Tamimud Dari a Sahihu Muslim ya mai da nasiha ginshiƙin addini, nasiha kuwa tana da sharuɗɗa.

Na farko ilmi. Wadda za ta ba da shawara a kan ran jariri ta tabbata abin da take faɗa ta samo shi daga masu sani, ba daga "haka muka taras" ba. Ta iya nuna wa mai jego yadda ake rungumar yaro, cikinsa ya manne da na uwa, ya buɗe baki sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono, domin kama kan nono kaɗai shi ne yake kawo tsagewa da zafi. Ta kuma san iyakarta: jaririn da ya ƙi nono sam, ko jikinsa ya yi zafi, ko yake numfashi da ƙyar, na asibiti ne nan take, ba na shawara ba. Zuma ma, duk da albarkarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba.

Na biyu sirri. Abin da mai jego ta faɗa cikin hawaye, na rashin abinci ne ko na sabon ciki a kan ɗanyen goyo, kada ya zama hirar bakin rijiya. Wadda ta fallasa shi ta ci amana, ta kuma rufe bakin sauran mata goma.

Na uku tausasawa. Akwai wadda ciwo ya hana ta shayarwa, akwai wadda ta riga ta ba da ruwa cikin rashin sani. Ba gori ake taruwa a yi ba. Haka nan kaka ba abokiyar gaba ba ce da za a kayar. A gayyato ta, a shimfiɗa mata tabarma a gaba, a bar wata tsohuwa sa'arta da ta ga jikanta ya yi ɓulɓul a kan nono zalla ta yi mata bayani. Abin da ba za ta karɓa daga surukarta ba za ta karɓa daga ƙawarta, kuma ranar da ta gamsu ita ce za ta tsare ƙofar ɗakin da kanta.

Na huɗu tsare iyakar Allah. Wani lokaci taimako yakan kai ga mace ta sa ɗan wata a nononta, in uwar ta rasu ko ta kwanta ciwo. Wannan babban alheri ne, amma yana da hukunci. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta aure tsakanin mutum da wadda ta shayar da shi da 'yan'uwansa na nono, kuma a Malikiyya ko tsotso ɗaya ne ya kai ciki a cikin shekara 2 ɗin nan, haramcin ya tabbata. Don haka kada a yi a ɓoye. A sanar da mazaje, a kafa shaidu, a rubuta a ajiye, kada bayan shekara 20 a zo ana raba aure da 'ya'ya a tsakani. A kuma duba lafiyar mai shayarwar, tun da akwai cututtuka, irin su ƙanjamau, da suke bi ta nono.

Maza kuma kada su ce an sallame su. Shawara ba ta cika tukunya. Wanda ya bar mai goyo da yunwa, ko ya hana ta zuwa inda za ta koyi abin da zai raya ɗansa, ya riƙe rabonsa na alhakin. Limamai da malaman Islamiyyar matan aure a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su ma suna da dama a hannunsu, domin matan da suke taruwa koyon tsarki da salla su ne masu goyon, kuma babin shayarwa yana nan a cikin littafin da ake karantar da su.

Ashe amsar tambayar farko ta fito. Alhakin jariri ba a wuyan yarinyar nan kaɗai yake ba; yana kan duk wanda ya sani ya yi shiru, da duk wanda bai sani ba ya yi magana. Ita kuma ba a nemi ta ɗaga wa babba murya ba, an nemi ta samu 'yan'uwa mata da za su faɗi gaskiyar a madadinta cikin ladabi, har haƙƙin kaka da na jika su tsira tare.

Allah Ya raya zuri'ar Musulmi, Ya saka wa iyaye mata da alheri, Ya ba masu jego lafiya. Allah ne Mafi sani.