To Yanzu Ta Halatta?

Aikin bai ɗauki minti biyar ba. Mun shiga wajen saituna, muka danna inda ake sauya lambar lasisi, muka rubuta haruffa da lambobi 25 ɗin nan da aka kasa gida biyar, muka jira intanet ɗin waya ta kai saƙo ta dawo. Sai rubutun nan mai dishi-dishi da ya yi watanni a ƙasan allo ta dama, yana roƙon a tabbatar da Windows, ya ɓace. Ba a goge komai ba. Tambayoyin jarrabawar da malamai suka kawo bugu suna nan, katunan ɗaurin aure suna nan. Mai shagon, wani dattijo da ke buga wa mutane takardu a Tudun Wada, ya leƙo allon ya ce, "Injiniya, to yanzu ta halatta?"

Muka yi dariya muka ce, "Ta halatta, Baba." A hanyar komawa Kano, tun kafin mu kai Kwanar Dangora, amsar ta fara yi mana nauyi.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san abin da ya faru a minti biyar ɗin. Tun daga Windows XP a 2001 kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tsari. Kwamfuta tana aika lambar zuwa na'urar kamfanin tare da wata shaida da ta haɗa daga kayan cikinta, na'urar ta duba ko lambar tasu ce, ko ba a toshe ta ba, ko ba a yi amfani da ita fiye da ƙima ba. In ta gamsu sai ta ce to. Iyakar tambayarta ke nan. Ba ta tambayar shekara nawa aka yi ana aiki babu lasisi, ba ta kuma tambayar a hannun wa aka sayi lambar.

Kwamfutar Baba ta hannu ce, daga birni aka sayo ta, kuma kamar yawancin irinta, wanda ya yi mata fomatin ya fasa mata Windows. Dabarar tana da ban dariya in ka fahimce ta. Manyan ma'aikatu masu ɗaruruwan kwamfutoci suna ajiye tasu na'urar tabbatarwa a cikin gida, kowace kwamfuta ta je ta sabunta izininta kafin kwana 180 su cika. Manhajar fashin tana kwaikwayon wannan na'urar ne. Wato shekara uku kwamfutar wani ɗan shago a Tudun Wada tana rantsuwa cewa ita ma'aikaciyar wani katafaren kamfani ce. Ranar da ƙaryar ta daina karɓuwa, rubutun ya fito.

To sabuwar lamba tana wanke shekara ukun nan? Akwai hujjar da za ta ce e, kuma ba hujjar banza ba ce. A fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira cinikin shisshigi: mutum ya sayar da kayan wani ba da izininsa ba. Malamai ba su ce cinikin ya ɓaci kai tsaye ba, sun ce yana rataye ne har mai kaya ya ji. In ya amince, ciniki ya tabbata. Ana iya cewa kamfanin da ya karɓi lamba bai nemi kuɗin baya ba, ya amince ke nan. Har ma an san Bill Gates ya taɓa faɗa a 1998, yana magana kan ƙasar Sin, cewa in dai satar za a yi, gara a saci tasu. Mai kaya irin wannan ya fi son ka saba da kayansa ko da bashi ne. Ga kuma farashi. Windows 11 ta gida dala 139 ce a shagon kamfanin a Amurka. In dala tana naira 1,500, kuɗin ya haura naira 200,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Shafi nawa Baba zai buga kafin ya tara wannan?

Mun daɗe muna fakewa a bayan wannan lissafi, kuma yana da daɗin fakewa. Sai dai uzuri ne na Baba, wanda bai san abin da aka zuba masa ba. Mu mun sani. Mun san akwai Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991, akwai Ubuntu tun 2004, kyauta kuma halal, ba mu taɓa gaya masa ba. (Gaskiya ne CorelDraw da yake zana katunan biki da ita ba ta aiki a can, wata firintar ma sai an sha fama. Amma zaɓin nasa ne, mu muka yanke masa.) Mun kuma san Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da ba a taɓa ta sai da izini. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta lissafa manhajar kwamfuta cikin abin da take karewa.

Ba ma sai an kawo mana doka ba. Mun taɓa rubuta wata 'yar manhaja ta haɗa sakamakon ɗalibai, muka sayar wa makaranta ɗaya. Bayan zango biyu muka tarar da ita a wasu makarantu tsakanin Kiru da Bebeji, an kwafe ta a filashi, har an canza sunanmu. Ranar mun yi faɗa, mun ambaci Allah ya isa, mun kawo misalin yadda masu kwafar faifai da masu turawa a waya suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa. Duk wannan ƙorafin a kan kwamfutar da Windows ɗinta fasasshiya ce muka rubuta shi. Hujjar shugaban makarantar ita ce hujjarmu sak: kuɗinku ya yi yawa, kuma ai ba a rage muku komai ba, taku tana nan.

Amma abin da ya fi damunmu a motar nan shi ne ita kanta sabuwar lambar. A intanet muka saye ta, a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Wanda duk ya san harkar ya san daga ina irin waɗannan suke fitowa: wasu na ma'aikatu ne da aka saya a dunƙule wani ya fitar da su, wasu an ware su ne don makarantu ko masu gwajin manhaja, wasu lamba ɗaya ce ake sayar wa mutum da yawa har ranar da za a toshe ta. Ba mu tambayi mai sayarwa ba, domin mun san in muka tambaya ba za mu so amsar ba. Idan haka ne, ba a kai ga amincewar mai kaya ba tukuna, shisshigi na biyu muka ɗora a kan na farko. Baba ya tambaye mu halacci, mu kuwa muka karanta masa abin da allo ya nuna.

Akwai kuma wanda ba Microsoft ba a cikin maganar. Kafin a sa manhajar fashi, sai an kashe mai gadin kwamfutar ko an ce masa ya kau da kai daga wani lungu, kuma sau da yawa ba ita kaɗai take shigowa ba. Sauya lamba ba ya cire ta, ba ya rufe lungun. A wannan kwamfutar ake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa na mutanen ƙauyuka, a nan ake cike wa yara fom, ana rubuta lambar BVN ta matan da suka taso tun daga Doguwa. Kamfani mai biliyoyin daloli ba zai ji asarar dala 139 ba. Matar da aka kwashe wa kuɗin awakinta daga asusu za ta ji. Mun yi shekaru muna muhawara kan ko ana zaluntar mai kuɗin Amurka, ba mu waiwayi maƙwabciyar da muka bar wa ƙofa a buɗe ba.

Don haka a ganinmu sabuwar lamba, in ta gaskiya ce, tana gyara gaba, kuma ba laifi mutum ya yi fatan an yafe masa baya tunda mai haƙƙin bai biyo ba. Abin da ba ta yi shi ne sauke nauyin da ke tsakaninmu da mai kwamfutar. Wannan sai da baki.

Mako biyu bayan nan muka koma Tudun Wada. Muka gaya wa Baba inda lambar ta fito, da cewa tana iya mutuwa gobe, tana iya kai shekaru. Ya tambayi kuɗin ta ainihi, muka faɗa. Ya daɗe yana kallon allon.

"Da kun bar mini rubutun nan ma," ya ce. "Ni na ɗauka ciwo ne."

Ya ce a bar shi ya yi shawara zuwa bayan an yanke shinkafa. Abin da ya yarda a yi a ranar shi ne wankin. Muka kwashe takardunsa a filashi biyu, muka goge komai, muka zuba Windows daga shafin kamfanin, muka tayar da mai gadin. Da aka zo wajen lamba muka tambaye shi ko a mayar da waccan. Ya ce a tsallake tukuna. Wutar NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki, yaronsa ya fita tayar da janareta, layin masu jiran bugu ya kai bakin titi.